Daga gwaiduwar ƙwan zabo zuwa ƙwayar hanta: ta ina furotin ke shiga?

In damina ta kankama, ƙwan zabo yakan cika kasuwannin Maradi da ƙauyukanta, ɗanye da dafaffe. Gwaiduwar nan da muke ci da yaji tana ɗauke da wata tambaya da ta daɗe tana ba masana wahala. Ƙwai tun yana cikin zabuwa ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak. Furotin da maiƙon da suka cika gwaiduwarsa kuwa ba a cikinsa aka ƙera su ba, hantar zabuwar ce ta ƙera ta sako su cikin jini. To ta ina suka bi suka shiga, har suka taru da wannan yawa?

Tambayar tana da wuya ne saboda kowace ƙwayar halitta a lulluɓe take da wani tantani na maiƙo, wanda kaurinsa bai wuce nanomita 5 zuwa 7 ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Iskar oksijin tana ratsa shi kai tsaye. Sukari da gishiri suna da ƴan ƙananan kafofi da aka keɓe musu. Furotin kuwa ƙato ne, sarƙa ce ta ɗaruruwa ko dubban amino asid da ta nannaɗe ta dunƙule. Albumin, wanda ya fi kowane furotin yawa a ruwan jini, amino asid 585 gare shi, kuma ba shi ne babba ba. Kafar da za ta ishi irin wannan ƙato shiga, ta nan ne abin da ke cikin ƙwayar zai tsiyaye.

Saboda haka ƙwayar ba ta huda kanta. Tantanin ne ke lotsawa ciki, ya kewaye kayan, ya tsuke bakinsa, sannan ya tsinke ya zama ƴar jaka. Kayan ya shigo, amma har yanzu akwai tantani tsakaninsa da ainihin cikin ƙwayar. A riƙe wannan, domin rabin labarin a kansa yake.

Sai a raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Furotin ɗin kilishi, wake ko ƙuli-ƙuli ba ta wannan hanya yake shiga jikinmu ba. Tumbi da hanji suna daddatsa shi ne har ya koma amino asid ɗaiɗai ko bibbiyu ko uku-uku, waɗannan su ake tsotsa, jiki ya sake ƙera nasa da su. Shi ya sa mai ciwon sukari ba ya haɗiyar insulin, sai dai allura, don in ya haɗiye zai narke kamar kowane abinci. Masu tallar garin nan na gwangwani da ke cewa furotin ɗinsu zai tafi kai tsaye ya gyara gwiwa ko fata, hanji bai san da wannan alkawari ba. Maganarmu a nan kan furotin ɗin da jiki ya riga ya ƙera ne, yake aikawa daga wata gaɓa zuwa wata ta cikin jini.

Kusan kowace ƙwayar halitta tana kurɓar ruwan da ke kewaye da ita a kai a kai, ba tare da zaɓi ba. Matsalar ita ce litar ruwan jini tana ɗauke da furotin kimanin giram 70, fiye da rabi albumin ne, abin da ƙwayar ke nema kuwa sau da yawa ɗan mitsitsi ne a cikin wannan taro. In da kurɓa za ta dogara, sai ta sha ruwa har ta gaji ba ta samu abin kirki ba. Nan ne aikin makarɓi ya shigo. Makarɓi shi ma furotin ne, a soke yake cikin tantani: kansa yana waje, siffarsa ta dace da kaya iri ɗaya, wutsiyarsa kuma tana ciki. Kan yana cafke kayansa daga cikin dubban da ke wucewa, wutsiyar tana jan su zuwa inda ake haƙa rami. Da haka ƙwaya take tara abin da take so ninki ɗari ko fiye bisa abin da kurɓa za ta ba ta, ba tare da ta ƙara shan ruwa ba.

A jikin sauro aka fara bayyana ramukan nan da aikinsu. A 1964 Thomas Roth da Keith Porter na jami'ar Harvard a Amurka suka duba ƙwan sauron da ke yaɗa shawara da madubin lantarki mai ƙara girman abu. Suka lura cewa ƴan sa'o'i bayan macen ta sha jini, fuskar ƙwanta tana cika da ƙananan ramuka, kowanne da wani rufi mai kaushi ta gefen ciki, kuma ramukan suna tsinkewa su shige da furotin ɗin gwaiduwa. Macen sauron da ke sa mana zazzaɓi ita ma abin da take yi da jininmu ke nan: ƙwai take ciyarwa. Gwaiduwar ƙwan zabo ma ta irin waɗannan ramuka take shiga. A 1969 Kanaseki da Kadota a Japan suka nuna cewa rufin keji ne mai tagogi, wasu kusurwa biyar wasu shida. A tsakiyar shekarun 1970 Barbara Pearse a Kambirij ta Ingila ta tace waɗannan jakunkuna daga ƙwaƙwalwar alade, ta gano cewa kusan furotin ɗaya ne ya gina kejin, ta sa masa suna kilatirin. A 1981 aka ga siffarsa: ƙafa uku ce a haɗe a tsakiya, kowace a tanƙware, in sun yi yawa sai ƙafafun su sarƙe da juna, kejin ya lanƙwashe, ya ja tantanin ciki.

Kilatirin ba ya taɓa makarɓi da kansa. Akwai ƴan tsakani, fitaccensu AP2, waɗanda ke karanta wasu ƴan amino asid a wutsiyar makarɓi, su riƙe shi ta gefe ɗaya, su riƙe kilatirin ta ɗaya gefen. In ramin ya zurfafa har wuyansa ya sirance, sai wani furotin mai suna dainamin ya naɗe wuyan ya shaƙe shi har ya tsinke. An san muhimmancinsa ne daga wani ƙaramin ƙuda na gwaji mai naƙasasshen dainamin: da zarar zafi ya kai wajen digiri 30 sai ya shanye, domin jijiyoyinsa sun cika da ramuka masu dogon wuya da suka kasa tsinkewa, in an sanyaya wurin kuma sai ya miƙe. A Maradi cikin watan Afrilu irin wannan ƙuda ba zai ko tashi ba. Da jakar ta tsinke, nan da nan ake kwance mata kejin, kilatirin ya koma bakin aiki. Daga fara rami zuwa tsinkewa minti ɗaya ne ko makamancin haka, faɗin jakar kuma wajen nanomita 100.

Duk wannan siffa ce aka gani. Waɗanda suka nuna abin da take nufi ga lafiyar mutum likitoci biyu ne a Dallas ta jihar Texas, Michael Brown da Joseph Goldstein. Abin da ya dame su yara ne ƙanana da bugun zuciya ke kamawa tun ba su balaga ba, kolestarol ɗin jininsu ya ninka na sauran mutane sau shida ko fiye, kuma abin gado ne. Kolestarol maiƙo ne, ba ya narkewa cikin jini, don haka a dunƙule yake tafiya. Dunƙulen da aka fi sani shi ne LDL, wanda ake rubutawa a takardar awon jini. Faɗinsa wajen nanomita 22, cikinsa ƙwayoyin kolestarol kusan guda 1,500, an ɗaure shi da furotin ƙato guda ɗaya mai amino asid 4,536. Wannan furotin ɗin shi makarɓi ke ganewa.

A 1973 da 1974 suka reni ƙwayoyin fatar waɗannan yara da na masu lafiya a faranti. Na masu lafiya, in an zuba musu LDL sai su daina ƙera nasu kolestarol ɗin, tunda ga shi an kawo. Na yaran kuwa ko a jikinsu, suka ci gaba da ƙerawa ga LDL jibge a kewaye da su. Da suka yi wa LDL alama da sinadarin da ake iya bin sawunsa, sai suka ga yana manne wa ƙwayoyin masu lafiya, ba ya manne wa na yaran. Wata dabara ta taimaka musu: a sanyin digiri 4 kaya yana mannewa amma ba ya shiga, da an ɗumama zuwa 37 sai ya shige cikin ƴan mintuna. Wato kamawa daban, haɗiya daban. Abokin aikinsu Richard Anderson ya ɗauki hoton LDL ɗin a tare cikin ramukan nan masu keji, alhali ramukan ba su wuce kashi 2 cikin 100 na fuskar ƙwayar ba.

A ganina hujjar da ta fi ƙarfi daga majinyaci ɗaya ta fito, wanda suka sakaya sunansa da haruffa biyu. Ƙwayoyinsa suna kama LDL daidai wa daida, amma ba ya shiga. Makarɓansa a warwatse suke, ba sa taruwa a rami. Shekaru goma bayan haka, a 1986, aka gano dalili: cikin amino asid 839 na makarɓin, guda ɗaya ne ya sauya, na 807, a cikin wutsiya. Ƴan tsakani sun kasa karanta ta, shi ke nan. Sauran iyalai kowa da inda tasa ta lalace: wani ba ya ƙera makarɓin sam, wani yana ƙerawa amma ba ya isa fuska, wani yana isa ba ya kamawa, wani yana shiga ba ya dawowa. Ƙarshensu duka ɗaya ne, LDL ya maƙale a jini yana taruwa a bangon jijiyoyi. A 1984 a Pittsburgh aka yi wa wata yarinya ƴar shekara 6 mai wannan ciwo dashen zuciya da hanta lokaci guda, kolestarol ɗinta ya faɗi ƙasa warwas, domin sabuwar hantar ta zo da makarɓanta. Hanta ce ke kwashe wajen kashi 70 cikin 100 na LDL daga jini. Brown da Goldstein sun karɓi kyautar Nobel a 1985.

Amma ba a bakin rami gizo ke saƙar ba. Jakar da ta tsinke tana haɗewa da wani babban zaure a cikin ƙwayar, endosom, inda ake rarraba kaya. A bangonsa akwai famfuna da ke tura sinadarin tsami ciki. A ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru, jini yana kan 7.4, endosom na farko yana wajen 6, in an ƙara nisa ya sauka zuwa 5.5, sai lisosom, wurin narkar da kaya da Christian de Duve na Beljiyam ya gano a 1955, wanda ke tsakanin 4.5 da 5. Ruwa ba ya tsami banza. Da makarɓin LDL ya ji tsamin nan sai ya naɗe kansa, ya saki kayan. LDL ya wuce lisosom, a narkar da furotin ɗinsa, a fitar da kolestarol. Makarɓin kuwa sai ya shige wasu siraran bututu da ke tsirowa daga endosom, su mayar da shi fuska.

Aikinsa aikin guga ne a bakin rijiya: ya cika, a juye, a sake zura shi. Zagaye ɗaya minti 10, rayuwarsa wajen sa'a 20, ka ga ya yi sawu fiye da ɗari kafin ya tsufa. Yawan ruwan da za a ja bai tsaya ga girman guga ba, ya danganta da guga nawa ke aiki da sau nawa kowanne ke dawowa. Wannan ne ya sa nake ganin yadda muke maganar kolestarol a gari ta karkace. Da an ga adadi ya hau a takarda sai a ce mutum ya cika cin maiƙo. Abinci yana da nasa hannu, amma mafi yawan kolestarol jiki ne ke ƙera shi, kuma abin da ya rage a jini ya dogara ne ƙwarai da saurin kwashewa. Hatta illar kitse, man shanu da manja, babban ɓangarenta ta nan take biyowa, suna sa hanta ta rage makarɓanta. Shi ya sa za ka ga siriri, manomi, mai cin tuwon hatsi, LDL ɗinsa ya fi na Alhajin da ba ya rabuwa da balangu. Wajen mutum ɗaya cikin 250 a duniya ya gaji lalataccen makarɓi daga uwa ko uba, yana rayuwa da rabin adadi, kuma kowane ɗa nasa rabi da rabi ne ya gada. In uwa da uba duka suna ɗauke da shi, abin da auren zumunci ke ƙara wa yiwuwa, nan ake samun irin yaran can na Dallas. Ƙulluttai a jijiyar agara ko a bayan yatsu, da bugun zuciya da ya ɗauke wani a gidan yana ƙasa da hamsin, sun isa a ce ƴan gidan su je awo.

Ƙwaya tana lissafin makarɓanta. In kolestarol ya ishe ta sai ta rage ƙera su, in ya yi ƙaranci ta ƙara. Magungunan sitatin, waɗanda Akira Endo na Japan ya samo na farkonsu daga fumfuna a shekarun 1970, aka kuma fara sayar da irinsu a 1987, wannan lissafi suke amfani da shi. Suna toshe wa hanta hanyar ƙera nata, ta ji yunwa, ta jera ƙarin makarɓa a fuska, su kwashe na jini. A 2003 kuma masu bincike a Faransa da Kanada suka gano wani furotin, PCSK9, da ke maƙale wa makarɓin tun a waje ya bi shi ciki. Shi tsami ƙara masa riƙo yake yi, sai makarɓin ya kasa komawa, a wuce da shi lisosom tare da kayan. Helen Hobbs da Jonathan Cohen, su ma a Dallas, suka tarar cewa kimanin kashi 2 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka sun gaji PCSK9 da ba ya aiki ta gefe ɗaya. A rahotonsu na 2006, LDL ɗin waɗannan mutane ya yi ƙasa da kashi 28 cikin 100, ciwon jijiyar zuciya kuma ya ragu musu da kashi 88. Ragin bai yi yawa ba, amma tun daga haihuwa ne. A 2015 aka fitar da allurai masu ɗaure PCSK9.

Ba kowane kaya ake narkarwa ba. Sinadarin ƙarfe, wanda jan jini ke buƙata, shi kaɗai guba ne, don haka wani furotin mai suna taransferin ke ɗaukarsa, bibbiyu. Ƙwayoyin ɓargo masu zama jan jini suna jera makarɓansa da yawa ƙwarai, domin ɓargo yana fitar da jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa. A endosom tsami yana ɓamɓare ƙarfen, ya fita ta wata kafa ta musamman, amma taransferin ɗin da ya zama fanko ba ya sakin makarɓin. Tare suke komawa fuska, sai sun ji 7.4 na jini sannan su rabu, ya tafi neman wani ƙarfen. Lissafin yana da ban mamaki: ɓargo yana cin miligiram 20 zuwa 25 a yini, abinci yana ba da 1 zuwa 2 kacal, abin da ke kan taransferin a lokaci ɗaya kuma bai wuce 3 ko 4 ba. Sauran duk daga tsofaffin ƙwayoyin jini ake kwato shi, kuma dole taransferin ya yi ta safa da marwa.

Ga inda abin ya shafi ɗakunan yara na asibitocinmu. Ƙarfe yana fita daga ƙwayoyin hanji da na ajiya zuwa jini ta kafa ɗaya ce, feroportin. In zazzaɓi ko wata cuta ta kama jiki, hanta tana sako wani ɗan ƙaramin furotin, hefsidin, ya manne wa kafar, sai ƙwayar ta haɗiye kafar tata ta kai ta lisosom. An bayyana wannan a 2004. Jiki yana ɓoye ƙarfe ne kada ƙwayar cuta ta samu, amma ɓargo ma yana rasawa. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ke ta maimaita masa daga Agusta zuwa Oktoba, ko ana ba shi maganin ƙarin jini, kaɗan ne ke ratsa hanjinsa muddin hefsidin yana sama. Uwa ta ce magani bai karɓe shi ba, alhali ƙofar ce aka janye. Maganin zazzaɓin da kare yaron daga sabon cizo suna cikin maganin ƙarancin jinin.

Akwai kuma makarɓin da tsami ke sa shi kamawa maimakon saki. Sunansa FcRn, kayansa furotin na garkuwa da ake kira IgG, da albumin. Ƙwayoyin bangon jijiya suna kurɓar ruwan jini, duk abin da aka kurɓa lisosom ya nufa, sai FcRn ya tare IgG a endosom ya mayar da shi jini. Shi ya sa IgG ke kai wajen kwana 21 kafin rabinsa ya ƙare, alhali wasu furotin ƴan kwanaki ko sa'o'i suke yi. A mabiyiya kuwa ba mayarwa yake ba, tsallakarwa yake: ya kama daga gefen uwa ya saki a gefen ɗa. Allurar tetanos da ake yi wa mai ciki a wurin awo ta nan take isa ga jariri, kuma ita ke kare shi in an yanke cibiya da abin da ba shi da tsabta. Mafi yawan tsallakarwar a watanni uku na ƙarshe take faruwa, don haka bakwaini yakan fito da guzuri kaɗan. Guzurin nan na uwa shi ne kuma dalilin jiran wata 9 kafin rigakafin ƙyanda, don in an yi da wuri garkuwar uwar tana iya kashe allurar.

Jar akuyar Maradi ba ta da wannan gata. Mabiyiyar akuya, tunkiya da saniya ba ta barin IgG ya wuce, ɗan akuya yana faɗowa ne ba garkuwa. Duk abin da zai samu daga dakashi ne, kuma hanjinsa yana haɗiye furotin ɗin ɗungurungum na wajen yini ɗaya kawai, sannan ya rufe. Wanda bai sha dakashi a ranar farko ba, gudawa ko ciwon huhu ba sa yi masa da sauƙi. Makiyaya sun san wannan tun ba a ƙera madubin lantarki ba. Dakashin mace ga jaririnta shi ma garkuwa ne, sai dai tasa a bangon hanji take tsayawa ta yi gadi, kuma zubar da shi asara ce.

Ƙoda ma haka. Tana tace ruwa wajen lita 180 a yini, ƙananan furotin suna zurarewa, har da masu ɗauke da bitamin A da D. Wasu manyan makarɓa biyu, megalin da kubilin, su ke tsince su kafin su bi fitsari. Sai dai megalin ba shi da tsantseni, yana kama allurar gentamisin ma, ta taru a lisosom ɗin ƙwayoyin ƙoda ta lalata su in ta yi yawa ko ta daɗe. Ba allurar da za a karɓa a hannun mai tallar magani a kan keke ba ce.

Wannan rashin tsantsenin shi ne raunin tsarin gaba ɗaya. Makarɓi siffa yake ganewa, bai san niyya ba. Cutar mashaƙo da ta ɓarke a Kano da yankin Damagaram a 2023, ba bakteriyar ce ke shiga ƙwayoyin jiki ba, tana zaune a maƙogwaro tana sako guba, gubar kuwa furotin ce. Ɓangare ɗaya nata yana manne wa wani furotin na fuskar ƙwaya, a haɗiye ta ta ramin kilatirin. Da ta ji tsamin endosom sai ta buɗe, ta soki bangon, ta tura ɗaya ɓangaren ciki, ya tsayar da ƙera furotin ɗungum. An nuna cewa guda ɗaya tak da ta shiga ta isa kashe ƙwaya. Ƙwayoyin zuciya da na jijiya suna cikin waɗanda ta fi yi wa ɓarna. Makarin gubar da ake yi wa majinyaci yana kama wadda ke yawo ne kawai, wadda ta riga ta shige ta fi ƙarfinsa, shi ya sa likita ba ya jiran sakamakon awo, kuma jinkirin kwana biyu a gida yana da tsada.

Birus ɗin mura shi ma tsamin yake jira kafin ya haɗe rigarsa da bangon endosom ya zubo abin cikinsa. Daga nan tunanin kulorokin ya samo asali lokacin korona. Kulorokin, wanda manyanmu suka sha da sunan Nivaquine, yana taruwa a endosom ya rage masa tsami, kuma a faranti, cikin ƙwayoyin ƙodar biri, ya hana birus ɗin shiga. Amma ƙwayoyin hanyar numfashin mutum suna da wani furotin a fuska da ke buɗe wa birus ɗin hanya tun daga waje, bai ma buƙaci endosom ba. A Yunin 2020 babban gwajin da aka yi a asibitocin Birtaniya ya nuna ɗan'uwansa haidiroksikulorokin bai rage mutuwa ba. Hujjar farko ba ƙarya ba ce, a ƙwayar da ba ita ba aka gwada.

Masu haɗa magani yanzu hanyar da guba ke bi suke nema su bi. Tun 1991 ake yi wa masu ciwon Gaucher, wanda rashin wani furotin na lisosom ke jawowa, allurar furotin ɗin bayan an gyara sukarin da ke jikinsa yadda makarɓin ƙwayoyin da ke da matsalar zai gane shi. Wannan mai sauƙi ne, tunda lisosom ake so ya je, can kuma hanya ta nufa. Haka wasu magungunan kansar nono, ana ɗaura guba a jikin furotin na garkuwa mai gane makarɓin ƙwayar kansar, ta haɗiye da kanta. Inkilisiran, da Turai ta amince da shi a 2020, an liƙa masa wani sukari da makarɓin ƙwayar hanta ke cafkewa, ya shiga ya hana ƙera PCSK9, makarɓan LDL su yawaita, kuma bayan alluran farko sau biyu a shekara ake yin sa. Tsadarsa ta sa a wurinmu sitatin ne zai daɗe yana ɗaukar nauyin.

Wahalar tana ga maganin da dole ya fita daga jakar ya shiga ainihin cikin ƙwaya, irin su inkilisiran ɗin da alluran korona na mRNA, wato saƙon da ke gaya wa ƙwaya furotin ɗin da za ta ƙera. Ana naɗe mRNA ne cikin wani maiƙo da aka tsara ya sauya hali in ya ji tsami, ya yamutsa bangon endosom. Duk da haka, awon da aka yi wa irin wannan naɗi ya nuna ƴan kaɗan ne cikin ɗari ke tserewa, sauran suna ƙarewa a lisosom ko a mayar da su waje. Dole a zuba fiye da abin da ake buƙata nesa ba kusa ba, kuma wannan yana cikin abin da ke ƙara kuɗin maganin da laulayin da ke biyo bayan allura. Ɗakunan bincike da dama yanzu gubar mashaƙo da birus ɗin mura suke nazari, don su koyi yadda ake huda bangon endosom ba tare da an kashe ƙwayar ba.